Ladanin da Ya Rufe Taga

Ni da Ɗanmaraya taubasai ne. Uwarsa Dela ƙanwar ubana ce, saboda haka tun muna yawo ba wando nake da izinin yi masa tsiya, shi ma yana da izinin ramawa. Ya fi ni morar wannan izini nesa ba kusa ba. Abin da ya fi kama ni da shi muryata ce. Yakan ce wai in na ɗaga murya a gona, jakunan gari kan ɗaga kai su duba wane ɗan'uwansu ne ya ɓata. Ban taɓa samun abin ramawa ta wannan gefe ba, don duk Sabon Gida babu mai murya irin tasa, babu kuma mai tsawon numfashinsa.

Shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin ya yi aure. Masallacin ƙasa ne, ba mu da lasifika, ba mu kuma taɓa jin muna bukatarta ba. In ya hau matakalar da ke jikin bango ya sa yatsu a kunne, masu ban ruwan albasa can cikin fadama suna jin sa sarai. Yakan ja kalma har ka ce yanzu zai yanke, sai ya ƙara ja. Matan unguwa sun daina duban inuwar katanga don sanin lokaci. Ba aikin albashi ba ne, kuma ban taɓa jin ya yi fahari da shi ba, amma ni da na san shi ciki da bai, na san da wannan kiran yake jin shi ma wani ne a garin.

Sunan nan nasa ba na wasa ba ne. Ubansa ya rasu kafin a yi suna, ya tashi a hannun Dela ita kaɗai. Muna yara aka yi babbar yunwar nan da ta kori rabin gari zuwa kudu. Mu gidanmu akwai ɗan abin da ya rage a rumbu, su kuwa babu. Dela takan ɗauke shi su tafi masussukar mutane bayan an watse, su share ƙasar wurin, su tankaɗe ta, su tsince ƙwayar hatsi ɗai-ɗai. Da wannan ya ƙare suka koma tonon gidan tururuwa suna ƙwace abin da ta tara. Na taɓa ganin Dela ta doke masa hannu don ya hura ƙaiƙayi da ƙarfi har ƙwaya biyu sun bi iska, sannan ta durƙusa ta neme su. Tun daga nan, har ya yi furfura, Ɗanmaraya ba ya wuce ƙwayar hatsi a ƙasa. Sai ya sunkuya ya ɗauka ya jefa aljihu. Na sha gaya masa ranar da ruwan sama ya kama shi a hanya, rigarsa za ta tsira.

Sana'arsa ta farko faci ce. Yana da rumfa a bakin hanyar Madawa, da ɗan tsohon kwampiresa mai tari kafin ya tashi, yana ba tayoyin amalanke da babura iska. Ana nan sai ƙungiyar matan garinmu ta samu tallafi, aka gina musu ɗakin sarrafa hatsi da wake. Aka kawo injin surfe, da na niƙa, da wani na cika leda ya liƙe bakinta, don su riƙa yin garin kunun yara da garin ɗanwake suna kaiwa har Tawa. A kusurwar ɗakin aka girke wani jan kwampiresa mai tanki kamar an kwantar da duro. Shi ne ran wurin. Iskar da yake tarawa ita ke fitar da dusa da ƙaiƙayi daga tsaba, ita ke danna bakin leda, kuma da ita ake hure injinan in an tashi aiki. Duk garin mutum ɗaya ne ya san halin irin wannan na'ura, saboda haka shugabar ƙungiya, Bushira, ta je har rumfar faci ta roƙe shi.

Ya ji daɗin aikin, kuma ya iya shi. Ya san kukan tankin in ya cika, ya san in tiyo na yoyo tun kafin a ji, kullum kuma sai ya kwance ɗan famfon da ke ƙarƙashi ya zubar da ruwan da ya taru don kada tsatsa ta ci ƙarfen. Ni dai abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda iskar da muka saba zaman jira don shiƙa, mata na riƙe da ƙorai a bakin gari suna duban ganyen bishiya, yau ga ta an ɗaure ta cikin ƙarfe, ana sakinta da ɗan yatsa.

Hurar injina ita ce aikin ƙarshe na yini, bayan la'asar, in mata sun tafi gida. Gari kan toshe ramukan rariyar injin, ya maƙale a lungunan da tsintsiya ba ta kaiwa, in an bar shi kuwa sai ya yi tsami, ya yi fumfuna, ƙwari su shiga. Sai da iska yake fita. Makanikin da ya zo daga Tawa ya kafa injinan ya faɗa da bakinsa, ina wurin, cewa duk lokacin da za a yi hurar nan a wangale ƙofa da tagogi, a kuma rufe hanci da takunkumi. Ya bar kwali guda na takunkumin. Ɗanmaraya ya ce to.

Ranar farko ya yi yadda aka ce. Ya danna bakin tiyo, wani farin hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, ya bi taga ya fice. Ya tsaya yana kallonsa. Kashegari sai ya ja tagogin ƙarfen nan ya sa sakata, ya tura ƙofa, ya yi hurarsa a rufe. Da ya gama ya zauna a ciki har ƙurar ta lafa, ta kwanta a kan siminti, sannan ya share ta tsaf ya zuba a buhu. Ya fito fari fat tun daga hula har yatsun ƙafa, na yi ta dariya, na ce ga fatalwa ta fito da rana tsaka. Sa'ad da takunkumin kwalin ya ƙare, sai ya koma naɗa bakin rawani a hanci, rawanin da shi kansa ya sha gari ya ƙoshi.

Sharar nan ba gidansa yake kai ta ba. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, Tabawa, ba ta da miji, ɗanta ɗaya ya tafi ci-rani shekaru da yawa ba labari. Da surfe da shiƙa take ci. Gidajen masu hali kan kira ta, ta yi musu, a sallame ta da dusa da ɗan tsaki. Da injin ya zo aka daina kiranta, ba don mugunta ba, haka dai abin ya zo. Ɗanmaraya ya lura. Kullum da yamma takan zo bayan ɗakin injin da ƙwarya a ƙarƙashin zane, ya juye mata abin da ya share. Ta tankaɗe, mai laushin ta dama kunu, sauran ta ba awakinta biyu. Ba ya so a gani, ita ma ba ta so a gani, saboda haka duk unguwa muka yi kamar ba mu gani ba.

Haka aka yi shekaru. Sai tari ya fara masa, kamar na kowa. Matarsa Hindatu ta dafa masa citta da kanumfari, ta hana shi ruwan randa, tari ya ƙi tafiya. Daga baya in ka zauna kusa da shi sai ka ji ƙirjinsa na wani ɗan fito a hankali. A kiran salla na fara ganewa. Inda ya saba ja da numfashi ɗaya, sai na ji ya raba biyu. Mutane ba su lura ba, ko sun lura sun ce girma ne. Na tare shi na ce ko dai ya fara rowar murya ne. Ya ce ko rabinta ya ba ni, sai na rasa inda zan ajiye ta. Muka yi dariya, dariyar ta ƙare masa da tari har ya dafa bango.

Wanda ya fara tsorata da gaske Yosefu ne. Kirista ne, ma'aikacin jinya a asibitin mishan, tsohon mai kawo babur rumfar faci, kuma shi ke zuwa ɗaukar garin kunu don yaran da aka kwantar saboda tamowa. Wata rana ya makara, ya iso lokacin hura. Ya tarar da ƙofa a rufe, injin na huci a ciki. Ya yi ta bugu, da aka buɗe masa sai da ya ja da baya. Bai yi wa Ɗanmaraya dogon bayani ba, ya dai ce gobe da safe zai zo ya ɗauke shi a babur, in ya ƙi kuma zai kai ƙararsa wurin liman. Na bi su a motar kasuwa.

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka sa shi ya hura cikin wani bututu iya ƙarfinsa. Mutumin da ake ji daga fadama, ya hura, ma'aikaciyar ta ce ya sake, don ta ɗauka bai gane ba ne. Bayan likita ya gama dubawa, Yosefu ya zaunar da mu a inuwar wata bishiyar bedi ya fassara mana da Hausar da za mu gane.

"Ladan, huhunka ya sha ƙura har ya gaji. Abin da yal lalace ba shi komawa, ba ni yi maka ƙarya. Wanda yar rage shi muka son tsarewa. Ko ka bar aikin ga, ko ka buɗe tagogin ga duka. In ba haka ba, kiran salla za shi gagare ka, kai ma ka sani."

Ɗanmaraya bai tambayi ko zai mutu ba. Abin da ya tambaya shi ne ko zai kai azumi yana kira. Yosefu ya ce wannan yana hannun Allah, amma taga tana hannunsa. Aka ba shi wani ɗan abin fesawa a baki in numfashi ya sarƙe, ya sa shi a aljihun da yake tara ƙwayar hatsi. A hanya na ce masa to, mai faci ya zama taya, yanzu shi ake ba iska. Ya yi murmushi, bai rama ba.

Barin aikin bai taso ba. Babu wanda ya iya kwampiresan sai shi, kuma da abin da yake samu a nan gidansa ke ci. Bushira ta ji labari, ta yi faɗa, ta ce daga yau a buɗe komai. Na je da kaina ranar don in tabbatar. Ya buɗe ƙofa, ya buɗe tagogi, ya sa sabon takunkumin da Yosefu ya kawo, ya danna tiyo. Garin ya fita kamar yadda ya fita ranar farko, ya tsallake katanga ya sauka a kan hanya. Wani mai amalanke ya wuce ta kai, wasu mutane biyu da ke dawowa daga kasuwa suka bi ta wurin, sawun takalmansu ya fito a cikin farin. Ɗanmaraya na tsaye a bakin taga yana kallo. Da Tabawa ta zo, abin da ya samu ya share bai rufe gindin ƙwaryarta ba. Ta yi godiya kamar kullum ta tafi.

Bayan ƴan kwanaki na biyo ta wurin da yamma, na ga tagogi a rufe.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar na ranar ba. Na doki ƙofar da ƙafa har ya buɗe. Takunkumin na rataye a haɓarsa, don ya ce in ya sa shi numfashin ba ya isarsa. Na zage shi, ba zagin taubashi ba, zagi na gaske. Na ce masa wawa ne, zai bar Hindatu da yara saboda shara. Na ce in Tabawa ce damuwarsa, ni zan riƙa auna mata daga rumbuna. Ya ce ai na san Tabawa ba ta karɓar sadaka, shara kawai take karɓa, don shara ba ta kowa ba ce. Wannan gaskiya ne, shi ya ƙara ba ni haushi. Sai ya jingina da ƙofa, ya jira numfashi ya dawo masa, ya ce:

"Mutari, wanga abu gari na, ba ƙasa ba. Na gwada, ka gani da idonka. Da nig ga takalmi bisa gare shi, hannun Inna nij ji bisa nawa. Ba ni iyawa."

Na san marigayiya Dela, na san wannan hannun. Amma na tafi gida ina jin da kabari na buɗuwa, da na je na gaya mata abin da tarbiyyarta ke yi wa ɗanta.

Da safe na nufi gidan Tabawa. Na tarar tana ba awaki ruwan dusa. Na gaya mata duk abin da Yosefu ya faɗa, ban rage komai ba. Ta yi ta goge hannu a zane ko da yake ya bushe. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce tun farkon aikin. Ta shiga ɗaki ta bar ni tsaye.

Da yamma ta zo ɗakin injin ba ƙwarya. Ta tura ƙofar ta buɗe har bango, ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da ita, ta miƙe ƙafafu, ta ja gefen zane ta rufe fuska. Ɗanmaraya ya ce ta tashi ƙura za ta same ta. Ta ce ya buɗe tagogi, ƙurar ta samu wata hanya. Ya roƙe ta, ya kira ta Inna, ya ce garin zai lalace a banza.

"Ɗana, ni ban san numhwashinka nika damawa ba," in ji ta. "Da na sani, da yunwa ta hi mini. Buɗe."

Ya buɗe. Tun daga ranar kullum tana nan a bakin ƙofa lokacin hura, kamar dutsen da aka tokare ta da shi. Bushira ta ga haka, ta sa ta cikin masu tsince tsakuwa daga wake, ana sallamarta kamar kowace mace. Abin da ya kamata a yi tun farko ke nan, kuma har yau ina jin zafin yadda dukanmu muka zauna muna yin kamar ba mu gani ba.

Sai dai an makara. Tarin ya ragu kaɗan, fiton ƙirjin bai tafi ba. Ya kai azumi yana kira, da dabara, yana yanka kalmomi gajeru-gajeru, yana fesa maganin kafin ya hau. Masu fadama suka fara cewa ba su ji azahar ba, ko an yi? Wasu matasa suka kawo maganar a haɗa a sayo lasifika. Liman ya ce a dakata tukuna, don ya san wanda maganar za ta kashe wa jiki.

Ranar da abin ya faru cikin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, ko ganye ba ya motsi. La'asar ta yi. Muna zaune a gindin bango muna alwala, tsofaffi ne kusan duka, don samari wasu na ci-rani wasu na sharar gona. Ɗanmaraya ya kama matakala. A tsakiya ya tsaya ya huta, abin da ban taɓa gani ba. Ya kai sama, ya sa yatsu a kunne. Kabbara ta fita, shahada ta fita da ƙyar. Da ya zo "Hayya alas salah", wurin da ya fi ja a da, wurin da yara kan tsaya da wasa su ga iyakar numfashinsa, sai muryar ta tsinke a tsakiyar kalma. Ya ja iska ya sake, babu abin da ya fito sai fito. Ya laluba aljihu, ya fesa, ya sake buɗe baki. Tari ya turnuƙe shi, ya zauna a kan matakala ya dafe ƙirji.

Unguwa ta yi tsit. Na ji wata mata a bayan katanga ta daina daka. Kowa na jiran sauran kiran.

Liman ya dubi wannan, ya dubi wancan, idonsa ya tsaya a kaina. Na ce masa a hankali in ɗora daga inda ya tsaya? Ya girgiza kai, ya ce ba a ɗora kiran wani a kan na wani, sai dai a sake tun daga fari. Na hau. Sai da na raɓa ta gefen Ɗanmaraya, ya janye ƙafarsa ya ba ni hanya, bai ɗago ba. Na sa yatsu a kunne, na yi kiran da muryar da Allah ya ba ni. Ni kaina na ji yadda take fita, a shaƙe, tana karcewa, ba ta ko kai bakin kasuwa ba balle fadama. Na gama na sauko.

Ɗanmaraya ya yi sallar a zaune a ƙarshen sahu. Da aka sallame na yi ta jinkiri a wurin takalma don mu fita tare. Na san abin da ke zuwa, kuma wallahi ina so ya zo. Na ma shirya amsar da zan ba shi. Ya taso a hankali, ya dafa kafaɗata don ya zura ƙafa a takalmi, ina jin ƙirjinsa na fito a kunnena.

"Ka yi daidai, Mutari," ya ce. "Magariba ma kai za ka hawa."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu ina jiran maganar jakuna. Bai yi ta ba, har yau kuma bai sake yin ta ba.